Rigar da Kaka Todosia Ta Ajiye wa Ranar Tafiya

Cluj, 9 ga Maris

Inna Parasca,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin dawo gida lafiya. Mama ta ce bas ɗinku ta iso daga Italiya ranar Lahadi, kuma wai kin rame, tsohon da kika yi wa jinya wata uku ba ya barin mutum ya zauna. Sannu da hanya. Yaya Kawu Gavrila? Yaya ƙafafun Kaka Todosia, kumburin ya sauka? Ni lafiya lau, sai ciwon baya na zaman keken ɗinki.

Na ba direban bas wannan takarda tare da ɗan ƙunshi. Ɗankwali naki ne, safar ulu ta Kaka ce. Hoton da ke ciki kuwa ki zauna kafin ki duba, don za ki yi murna.

A watan Janairu, kina can, na aika wa dangi cewa duk mai tsohon saƙi da ke kwance ba a amfani da shi ya taimaka mini. Kin san ƙa'idar shagona: ba na sayen sabon yadi, ba na zubar da ko ƙyalle, kuma Veta da Lenuta da muke ɗinki tare ba sa aiki da yunwa. Duk dangi ba wanda ya kula ni sai Kawu, Allah ya saka masa. Buhu guda ya aiko, ya ce na Kaka ne kuma ta yarda.

Inna, ban taɓa riƙe irin wannan saƙa ba. Tawul ashirin da huɗu, dogaye, na zaren rama, ko sau ɗaya ba a taɓa wanke su ba. Sai wata farar riga mai aikin jan zare tun daga kafaɗa har wuyan hannu. Tawul ɗin na fitar da gajeren kwat goma sha biyu, bibbiyu a kowace. Hannuwan rigar da ƙirjinta na ɗora su a kan doguwar kwat guda, ita ce a hoton. Cikin mako uku duk suka ƙare! Kowace na rataya mata kati mai sunan Kaka da na ƙauyenmu, da cewa da yardar masaƙiya aka ɗinka. Abin da mutane ke so a wurina ke nan, sun san ba na yi musu ƙarya.

Wani abin dariya: kowane tawul na tarar da tsohon sule ƙulle a gefensa, irin na zamanin da, wanda ko ashana ba zai saya ba yanzu. Na ce wannan mantuwar tsofaffi ce. Na ɗinke su a cikin kalmasa, na gaya wa masu saye na sa'a ne.

Ki gaya wa Kaka rabonta yana nan, zan kawo da kaina a bikin Ista. Ki ɗaukar mini hotonta tana murmushi, ina so in sa a shafina.

'Yarki,
Smaranda

Gida, Maramureș, 12 ga Maris

Smaranda,

Yabo ga Yesu. Muna lafiya, in wannan ake kira lafiya. Kawunki yana nan da ransa, don abin da hannuna ya fara kaiwa gare shi ludayi ne ba gatari ba.

A tsaye nake karanta takardarki a bakin murhu. Da na zo kan sulallan nan sai na ajiye ta. Na hau tsani zuwa saman rufi, na buɗe adakar Mama, Kakarki Todosia. Wayam! Ba komai sai ganyen tabar da take zubawa saboda asu.

Ke 'yar nan, uwarki ta tafi birni ne ta manta hankalinta a tasha, har ba ta koya miki wannan ba? Tawul ashirin da huɗu, sababbi, kowanne da sule a ƙulle, ko akuyar ƙauyen nan ta san kayan mutuwa ne. Daga ƙofar gida zuwa kabari sau ashirin da huɗu ake tsayawa da gawa. Kowace tsayawa a shimfiɗa tawul, akwatin ya ƙetare, a ɗauka a ba wani sadaka. Sulen kuwa na biyan ƙofofin da rai zai wuce ne. Abin da aka bayar a nan shi mamaci ke tararwa a can. Mama da hannunta ta shuka ramar, ta jiƙa ta a rafi, ta kaɗa, ta saƙa, hunturu shida tana yi. Su ne kika yi wa aljihu.

Rigar kuma, wayyo Allah, rigar aurenta ce. Da ita za a binne ta. Babana Onisim shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwa, kullum cewa take ya bar ta da sauran kyanta, yanzu fuska ta tafi, da rigar kawai zai gane ta.

Na sauko na tarar da kawunki yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce, "Gavrila, ina kayan adakar Mama?"

Ya ce, "Au, tsummokaran nan? Ai na aika wa yarinyar nan."

"Ka tambayi mai su?"

"Na tambaye ta mana. Na ce akwai tsofaffin kaya a sama, a ba Smaranda? Ta ce a ba ta."

Ita Mama tsofaffin barguna take nufi, waɗanda ke jibge a bayan bututun hayaƙi. Shi kuma gwani ya ga sun yi ƙura, ya ce ba za a aika wa 'yar birni datti ba, ya zaɓo masu tsabta. Shekara talatin da takwas yana gidan nan, bai san abin da ke cikin adakar surukarsa ba.

Ki ji ni da kyau. Mama ba ta sani ba. Kada ki kira waya, a ɗakin girki take zama, idonta ne ya mutu amma kunnenta ras yake. Ki riƙa ba direba takarda. Duk shekara ranar Alhamis ɗin kafin Ista take sa a sauko da adakar ta sha iska. Saura wata ɗaya ke nan. Jikinta kuma ba irin na bara ba ne, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta.

Ki bi duk inda kika kai su ki karɓo. Rigar ce a gaba. Rabon da kika ce kin ajiye mata kuwa, kada ki kuskura ki shigo da shi gidan nan.

Innarki,
Parasca

Cluj, 15 ga Maris

Inna,

Ina gaishe ki, ina gaida Kaka, amma ban san da wane baki ba. Tun da na karanta takardarki ban iya cin abinci ba. A ƙasan shago na zauna. Veta ta ɗauki takardar ta karanta, ta yi alamar gicciye, ta ce, "Ranar da na ga sulallan nan na gane ko na mene ne. Na ce a raina ke ce mai shago, danginki ne, kin fi ni sani." Inna, a gabanta na sa almakashi, tana kallo. Ni da nake taƙama ba a tsorona a shagon nan.

Ga gaskiyar magana, ba zan ɓoye ba. Gajerun kwat ɗin ina da adireshin duk waɗanda suka saya, amma ko sun dawo ba za su koma tawul ba. An yanka wuya, an yanka aljihu, an huda gidan maɓalli. Doguwar kuwa a baje kolin Sibiu na sayar. Wata baƙuwa ce mai furfura, ba ta jin yarenmu, ta gwada, ta biya a hannu ta wuce. Ko sunanta ban tambaya ba.

Na yi ta juya abin, dabara ɗaya ce ta zo mini, kuma ina jin kunyar rubuta ta. Na san wata masaƙiya da ke da tsohon zaren rama. In na tura mata hoto za ta iya fitar da tawul irinsu, in nemo tsofaffin sulalla a kasuwar gwanjo. Riga ma akwai masu kama da ita a wajen dillalai. Tun da idon Kaka ba ya gani sosai, a sa su a adaka, ta tafi da kwanciyar rai. Na san abin da na rubuta a katin nan. Na san abin da wannan yake mayar da ni. Amma in kin ce to, gobe zan fara.

Ki yafe mini, Inna.

Smaranda

Gida, 26 ga Maris

Smaranda,

Muna nan yadda kika bar mu. Mama jiya ta sha romo cokali huɗu.

Mako biyu ke nan ba amsa. Kullum ina bakin titi kamar mai tallar tuffa, direba yana girgiza mini kai. In kin ga kasuwarki ta fi mu, ki faɗa, in san inda na dosa. Ban yi zaton haka daga gare ki ba, ke jikar Anisia, Anisiar da ita da Mama nono ɗaya suka sha. Ki ci gaba da rataya wa mutane katin gaskiya.

Parasca

Gida, 2 ga Afrilu

'Yata Smaranda,

Yabo ga Yesu. Ki yaga waccan takardar, zafin rai ne. Taki ta ranar sha biyar sai shekaranjiya direba ya tsinto ta a ƙarƙashin kujerarsa, ta sha man inji. Na zage shi daidai gwargwado.

Dabararki ta zo a makare, kuma kada ki ji kunya ke kaɗai, ashe har ƙaryarmu iri ɗaya ce. Ranar Talata da safe Mama ta dafe ƙirji ta ce a sauko da adaka yau, ba ta jin za ta kai Alhamis ɗin. Na ce sai an jima tsani ya karye. Na zaga ta bayan gida wajen maƙwabciyarmu Nastaca, na roƙe ta aron nata kayan, na rantsar da ita, na shirya su a adakar, muka sauko da ita ni da Gavrila.

Mama ta sa hannu. Ko ɗaga tawul ɗin ba ta yi ba, shafawa ɗaya kawai.

Ta ce, "Wannan saƙar Nastaca ce. Sako-sako, kamar bakinta. Me kayan Nastaca ke yi a adakata?"

Na dubi Gavrila.

Ta ce, "Parasca, ina rigata?"

Kawunki ya cire hula ya durƙusa, ƙaton mutum, ya faɗi komai. Na ɗauka za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Bakinta ya buɗe ya kasa rufuwa, ta riƙa shafa ƙasan adakar tana laluben kusurwa-kusurwa, ko ta manta wani abu a can. Ban taɓa ganin uwata ta tsorata ba sai ranar. Ta juya bango kwana biyu, ko ruwa sai da roƙo.

Rana ta uku ta kira ni. Ta ce, "Su wa ke sanye da su? Matalauta ne?"

Na ce, "A'a Mama, masu hali ne. Saye suka yi."

Ta yunƙura ta zauna ba wanda ya taimaka mata. "Saye? Sadakata aka sayar? Ni Todosia, an kai hanyata kasuwa ina raye?"

Yanke tawul ɗin bai ƙona ta kamar wannan ba. Can ta ce in ɗauko alƙalami, ga saƙonta gare ki, yadda ta faɗa nake rubutawa:

"Ki gaya wa jikar Anisia, akwai waɗanda ke raba sadakarsu tun suna da rai, ba ni ce farau ba. Tun da an riga ni rabawa, to a raba da kyau. Ta mayar wa kowa kuɗinsa. Kada ta karɓo kayan, ba a karɓe sadaka. Kada su cire sulen. Kowannensu ya faɗi da bakinsa, 'Allah ya karɓa wa Todosia,' kuma ina so in ji da kunnena. In ɗaya ya rage, ƙofa biyu ke nan zan tsaya ba a buɗe mini ba."

Na ce, "Mama, wasu ko yarenmu ba sa ji." Ta ce, "Su koya. Kalma biyar ce, ba huɗubar coci ba."

Na san abin da wannan zai yi wa shagonki, na kuma gaya mata. Ta ce ita ba ta san shago ba.

Rigar kuwa ba sadaka ba ce, ba kyauta ba ce. Tata take so. Kullum da safe tambayar da take fara yi ke nan kafin ta ce ina kwana.

Yanzu za ki iya kiran waya, ba sauran abin ɓoyo, amma ta ce ba ta shirya jin muryarki ba tukuna.

Innarki,
Parasca

Cluj, 21 ga Afrilu

Inna Parasca,

Kristi ya tashi. Ina fata kun yi Ista lafiya, Kaka ta ɗan taɓa ƙwai da naman rago. Ni a shago na yi tawa.

An gama, duka goma sha biyun. Tsohuwar wayar da ke cikin ƙunshin nan muryoyinsu ne a ciki, ki danna koren maɓalli kawai.

Kafin in rubuta musu sai da na rubuta a shafina cewa katin nan ƙarya ne, ban taɓa tambayar masaƙiyar da bakina ba, kuma ga abin da kayan suke. Inna, ban san mutane na da irin wannan baki ba. Wata ta kira ni mai tonon kabari. Wani shago a Vienna da ke karɓar kayana ya ce in dakata. Waɗanda muke sana'a ɗaya kuwa biyu sun kira ni a ɓoye, suna tambaya yaya ake gane kayan mutuwa, don su ma sun sha sayen tawul mai ƙulli a ƙauyuka. Babban keken na sayar da shi. Veta da Lenuta suna nan, su ba su yi laifin komai ba.

Wata 'yar jami'a a Iași tana jin bayani ta fashe da kuka, ta ce kakarta ma tana da irin adakar. Wata mata a Holan kwana uku tana koyon kalmomin kafin ta yarda ta naɗa. Wanda ya wahalar da ni wani lauya ne a Bucharest da ya saya wa matarsa. Ya ce ya biya, kayansa ne, ba ya karɓar sadakar kowa. Na hau jirgin ƙasa na je na zauna a ƙofar ofishinsa tun safe. Da yamma ya fito ya ce, "Malama, me zan ce ki tafi?" Na miƙa masa ambulan kuɗinsa, na kunna waya. Muryarsa ce ta ƙarshe, za ki ji haushi a ciki.

Doguwar kwat har yanzu shiru. Na baza hotonta ko'ina, na rubuta wa masu baje kolin.

Farin yadin da ke ƙasan ƙunshin jikin rigar ne, gaba da baya, ba hannuwa ba ƙirji. Yana cikin buhun ƙyallaye tun Janairu, tun da ba na zubarwa. Ban san ko ganinsa zai ƙara mata ciwo ba. Ke za ki duba.

'Yarki,
Smaranda

Gida, 4 ga Mayu

Smaranda,

Haƙiƙa ya tashi. Mu da sauƙi. Likita ya zo, ya ce zuciyar ce ta gaji, ya ƙara ƙwaya, Mama ta ce ya sha abinsa.

Ta saurari muryoyin, tana lanƙwasa yatsu bibbiyu. Ta Holan ɗin ta ba ta dariya, ta ce, "Wannan kamar mai tauna dankali da zafi, amma Allah na jin kowane baki." Da aka zo kan lauyanki ta ce, "Wannan bai so ba. Ba komai, ya dai faɗa." Ta sa na maimaita mata duka sau uku. Daga nan ta ci tuwon masara da madara, rabonta da cinye kwano tun kafin azumi.

Jikin rigar sai da na yi kwana biyu kafin na ba ta. Ta shinshina, ta bi gefen da kika yanka da yatsa, ta ce, "Ja'irar ta iya yanka, ko zare ɗaya bai karkace ba." Wannan yabo ne, ki karɓa, ni ban taɓa samun kamarsa ba.

Sai ta ba mu mamaki. Ta sa na farke rigar matashin da ta saƙa a shekarar aurenta, na fitar da hannuwa biyu, na ɗinka a jiki. Ta ce a kawo jan zare. Na ce bari in yi mata aikin, ko a kira Nastaca. Ta ce, "Onisim ya san ɗinkina. In ya ga na wata zai ce wace ce wannan."

Smaranda, macen da ba ta ganin fuskata, ga ta a bakin taga tana ƙirga zaren yadi da farce. Ni ke zura mata allura. Fure ɗaya sai ya ci mata wuni, yatsun sun kumbura, ta soki kanta ba ta ma ji. Kowane hannu fure goma sha takwas ne. Ta yi biyar.

Ki ci gaba da nema. Ina ganin numfashinta, ina ganin yadin da ya rage, lissafin ba ya fita.

Parasca

Cluj, 25 ga Mayu

Inna!

Gaisuwa a gurguje, direba na jira. An samu! Sunanta Waltraud, tsohuwar malamar makaranta ce a Graz. Ƙawarta ce ta ga hoton. Ta rubuto ta ce tun da ta ji labarin ta kasa sa kwat ɗin, ta kasa rataye ta kusa da sauran kayanta. Jiya kwat ɗin ta iso ta gidan waya. Na zauna na farke hannuwan da ƙirjin a hankali, ko fure ɗaya bai taɓu ba. Ga su nan a cikin farin ƙyalle. Ki cire na matashin ki mayar da waɗannan, wuni ɗaya ya ishe ki.

Ki ce wa Kaka ta ajiye allura ta huta. Ki tambaye ta ko yanzu zan iya zuwa in durƙusa.

Smaranda

Gida, 27 ga Mayu

'Yata,

Yabo ga Yesu. Ni da Gavrila muna lafiya. Ki nemi wuri ki zauna.

Ƙunshinki ya iso jiya Juma'a. Mama ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan kujerarta a bakin taga. Shekaranjiya Alhamis muka binne ta, ranar da kike rubuta mini an samu. Na buɗe farin ƙyallen a tsakar gida, na ga jan aikin nan da na sani tun ina goye, na yi ihun da ban yi ba ranar mutuwar. Kwana ɗaya, Smaranda. Kwana ɗaya tak.

Kada ki ga laifin uwarki da ba ta kira ki ba. Mama ce ta hana tun da sauran bakinta. Ta ce, "In yarinyar nan ta zo, matan ƙauye za su cinye ta ɗanya a bakin kabarina, ni kuwa ba na son hayaniya ranar tafiyata. Ta zo bayan arba'in, ta kwana a gadona." Amsar tambayarki ke nan.

An tsaya sau ashirin da huɗu kamar yadda ake yi. Ba tawul, sai kawunki ya riƙe wayar nan, kowace tsayawa ya kunna murya, kowa sau biyu. Fada, limamin cocinmu, ya zare ido a ta farko, ya dube ni, na dube shi, ya ci gaba da addu'arsa. Nastaca ta ce tun da take ba ta taɓa ganin gawar da mutanen ƙasashen waje suka raka ba.

Hannuwan nan na mayar miki da su tare da wannan takarda. Ba za a tone ta ba, ni kuma ba zan iya kwana da su a gida ba. Ki mayar da su jikin kwat ɗin yadda suke, ki aika wa malamar nan kyauta tare da kuɗinta, ki koya mata abin da za ta ce. Ki yi kafin kwana arba'in su cika, ranar da rai ke gama wuce ƙofofin nan.

Na san abin da kike son tambaya. Hannun dama ta gama shi, fure goma sha takwas cif. Na hagu uku ta yi da rabi. Ranar Litinin na ce mata, "Mama, ba zai ƙaru ba, ki bari in ƙarasa." Ta ce, "Ki cire hannunki. In Onisim bai gane ni da hannu ɗaya ba, to dama can rigar ya aura."

Da muka yi mata wanka muka sa mata rigar, mata suka ce a zare allurar, ba a binne mutum da ƙarfe a jiki. Na ce ba mai taɓa ta. Tana nan soke a rabin furen, da zarenta, inda hannunta ya tsaya. Sauran jan zaren na cusa mata a ƙarƙashin tafi. Tafiyar kwana arba'in ce a gabanta, kuma uwata ba ta taɓa iya zama hannu sake ba.

Innarki,
Parasca